Shin sabon Windows na ƙona sikirin ɗin tsohuwar laftof?

Tun da Microsoft ya daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, masu tsofaffin laftof suka duƙufa sauya manhaja. Wasu na ɗura wa injinsu Windows 11 ƙarfi da yaji, wasu na gwada Linux, wasu fomatin kawai suke yi su mayar da wanda suka saba. Da haka wata tsohuwar magana ta sake tashi a shagunan gyara da ɗakunan kwanan ɗalibai, wai sabon Windows na ƙona sikirin. Masu faɗa suna da abin nunawa: jiya allo lafiya lau, yau an saka Windows, sai ga rubutu ya kumbura, fuskoki sun baje, maɓallin rage haske ya daina ji, ko allon ya yi baƙi ƙirin. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, a kan wannan magana ake cire sikirin mai lafiya a sa wani, ɗalibi ya biya kuɗin da ya sha wuya kafin ya haɗa, matsalar kuma tana nan daram.

Maganar ƙonewar ƙarya ce. Abin da ke faruwa galibi shi ne, fomatin ya share direban girafik, wato ƙaramar manhajar da ke haɗa Windows da sashen da ke zana hoto. Idan Windows bai samu direban ba, sai ya ɗauko nasa na wucin gadi mai suna Microsoft Basic Display Adapter. Wannan kamar tayar sifiya ce, za ta kai ka gari amma ba a doguwar tafiya da ita. Sikirin ɗin da aka ƙera shi a kan 1366 da 768 sai a riƙa tura masa hoton 1024 da 768, shi ya sa komai ke bajewa. Haske ya ƙi raguwa, bidiyo ya riƙa sarƙewa, majigi ma ya ƙi haɗuwa. Danna Start da maɓallin dama, ka buɗe Device Manager, ka duba ƙarƙashin Display adapters. In wancan sunan ka gani maimakon Intel ko AMD ko NVIDIA, ka kama ɓarawonka. A wurinmu abin ya yi yawa ne saboda sau da yawa ana saka Windows ba tare da an haɗa intanet ba, don tsadar data, alhali ta Windows Update direban ke zuwa. Ka haɗa laftof ɗin da intanet, ko ka shiga shafin kamfanin da ya ƙera ta da lambar da ke manne a ƙasanta.

Akwai gwajin da ba ya cin ko sisi, kuma shi ne alƙali. Kashe kwamfutar, ka kunna, ka yi ta danna F10 in HP ce, F2 in Dell ce, F1 in ThinkPad ce, har ta shiga BIOS. A nan Windows bai tashi ba tukuna, direba bai shigo ba. In rubutun ya fito tar, babu zane babu rawa, to gilashinka lafiyarsa ƙalau, duk wanda ya ce a canja shi bai duba ba. In kuwa tun a nan kana ganin layuka masu launi, laifin na ƙarfe ne. Sai ka ɗaga murfin ka sauke a hankali kana kallo: hoton da ke zuwa yana tafiya da motsin murfi, fileks ne ya gaji, siririyar wayar nan da ke bi ta cikin hinji. In allon baƙi ne amma fanka na juyawa, haska shi da tocilar waya dab da gilashi, a karkace. Wani lokaci za ka hango hoton dishi-dishi a ciki, alamar fitilar bayan allo ce ta mutu. Sannan ka jona laftof ɗin da talabijin ta HDMI ko VGA, ka ga ko hoton zai fito daidai a can. Yawancin laftof ɗin Dell ma suna da nasu gwajin: ka riƙe harafin D ka kunna, allon zai riƙa canja launuka da kansa.

Masu cewa Windows ɗin ya fi ƙarfin injin, su kam suna da rabin gaskiya. HP EliteBook 8460p da Dell Latitude E6420 da ThinkPad T420, waɗanda suka cika kasuwannin kayan hannu, duk 'yan 2011 ne, girafik ɗinsu Intel HD 3000. Intel bai sa wannan zubin cikin waɗanda yake tallafa wa a Windows 10 ba, tsohon direba ne Windows Update ke kawowa, yana kuma aiki ga yawancin mutane. Na 2012 masu HD 4000 sun samu nasu. Windows 11 kuwa yana neman girafik mai DirectX 12 da furosesan Intel zubi na 8 zuwa sama. Wanda ya bi ta bayan gida ya saka shi a injin 2011, ya sani babu mai rubuta masa sabon direba. Zai iya ganin walƙiya da sarƙewa, amma ranar da ya koma manhajar da ta dace, allon zai dawo yadda yake.

Allon da ya yi baƙi bayan sabuntawa, ko bayan an zuba tarin direbobin nan na filash da ba a san asalinsu ba, direban da bai dace ba ne ya hau. Gwada Windows da Ctrl da Shift da B a tare, yana farfaɗo da direban. In ya ƙi, shiga Safe Mode, ka buɗe Device Manager ka zaɓi Roll Back Driver. Injin da ke da girafik biyu, a fara saka na Intel kafin na NVIDIA.

Batun cewa Windows ɗin bogi ne ke baƙanta allo, daga tsofaffin Windows irin su Windows 7 ya samo asali. Windows ɗin, in ya gane ba na asali ba ne, yakan mayar da hoton bango baƙi, amma fayilolinka na nan kana ganinsu. Haɗarin na bogi yana ga muguwar manhajar da ake cusawa a ciki, babu ruwansa da gilashi.

Haka zancen wai Linux ba ya shiri da tsohon inji. Direban Intel a cikinsa yake zuwa, shi ya sa injinan 2011 ɗin nan kan fito da hoto daidai tun tashin farko. Inda ake cin karo shi ne tsofaffin NVIDIA. In allo ya yi baƙi, a shafin GRUB, wanda ke fitowa kafin Linux ya tashi, ka danna e, ka ƙara nomodeset bayan quiet splash, ka danna F10. Wannan ƙofar shiga ce kawai don ka saka direban da ya dace. Wanda ya bar shi dindindin zai zauna da hoto a baje.

Saura wuri guda da jita-jitar ta taɓa gaskiya. Saka Windows aiki ne mai zafafa inji, kuma laftof ɗin da ƙurar hunturu ta toshe mata fanka, ga zafin Afrilu, tana iya ƙarasa girafik ɗin da dama yake gargara. An ga irin wannan a 2008, lokacin da NVIDIA ya amsa cewa wasu girafik ɗinsa na laftof suna da lahani, matsalar da ta shafi zubin GeForce 8400M da 8600M a injinan HP da Dell da Apple. Alamarsa ita ce da direban wucin gadi hoto na fitowa, ana saka na gaskiya sai zane ya cika allo, a talabijin ma haka. Wannan ciwon bod ne, sabon sikirin ba zai yi masa komai ba, kuma gasa shi da iska mai zafi da wasu ke yi ba ya daɗewa yake dawowa.

Don haka, ɗan'uwa, kafin ka ciro kuɗin sikirin, ka roƙi mai gyara ya shiga BIOS a gabanka, ya kuma jona ta da wani allo kana tsaye. Mai gyaran kirki ba zai ƙi ba, aikin minti biyar ne.