Ɗan benen sito: ina mafita idan wuta ta tashi?

A Kalambaina, inda masana'antar simintin BUA take, ajiyar kaya sana'a ce. Idan sito ya cika, wasu kan gina ɗan bene a ciki don ƙarin wuri.

Nijeriya ta fitar da kundin ƙa'idojin gini a 2006. Kundin gini na Amurka kuwa, wato IBC, ya ce irin wannan bene kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na faɗin ɗakin, kuma a bar aƙalla ƙafa 7 a samansa da ƙasansa. Yawan ma'aikata da nisan ƙofa ke nuna ko mafita ɗaya ta isa.

Hayaƙi sama yake fara taruwa, shi ya sa na kan bene ya fi shiga haɗari. A yi matakala mai madafa, kada a jibge buhuna a kanta.