Idon bindiga mai ruwa: yadda sojan Jamus ke daidaita madubin saiti

Duk wanda ya riski mazan jiya na Maradi, Damagaram ko Tahoua, waɗanda Faransa ta kwasa zuwa yaƙin duniya na biyu, ya ji labarin bindigar Jamusawa. Ƴan Afirka da ke cikin rundunar tirayar sun gamu da samfurin MG 34 a watannin Mayu da Yuni na 1940, suka kuma gamu da ƙanwarta MG 42 bayan saukar Provence a Agusta 1944. Ita ta biyun harsashi kimanin 1.200 take fitarwa cikin minti ɗaya, wato 20 a kowane sakan, har sojoji ke kwatanta ƙararta da yagar yadi. Sai dai saurin wuta shi kaɗai ba ya cin yaƙi. Bindigar da ba ta duba inda mai ita ke duba ba, ɓarnar harsashi kawai take yi. Shi ya sa Jamusawa suka ba madubin saiti, da aikin daidaita shi, muhimmancin da suka ba bindigar kanta.

Daga bindiga mai ruwa zuwa MG 42

Sunan "bindiga mai ruwa" tsoho ne a ƙasar Hausa. Kakanninmu sun raɗa shi ga bindigar Maxim da Turawa suka zo da ita, saboda tulun ruwan da ke kewaye da bututunta don kar ya yi zafi fiye da kima. Ita ce Jamus ta kwaikwaya ta ƙera MG 08 a shekara ta 1908, mai shan ruwa kusan lita 4, mai cin ɗamarar harsashi 250. A kanta ne aka ɗora madubin da ake kira ZF 12, wanda ke kusanto da abu sau biyu da rabi, mai kuma ma'aunin nisa har mita 2.000. Irin waɗannan bindigogi na cikin abin da ya hallaka sojan Ingila 19.240 a rana guda, ranar 1 ga Yuli 1916, a bakin kogin Somme.

MG 34 da MG 42 kuwa sun rabu da ruwa, iska ke sanyaya su, ana canza bututu idan ya yi zafi. Soja ɗaya na iya ɗaukar su. Amma idan ana son harbi mai nisa, sai a aza su bisa wani murhun ƙarfe mai ƙafa uku da ake kira Lafette, mai nauyin sama da kilo 20. A jikin wannan murhu, ta gefen hagu, ake ɗaura madubin MGZ 34 ko MGZ 40. Hikimar ita ce, bindiga na ja da baya duk lokacin da ta tashi, murhun kuwa yana shanye girgizar, madubi bai motsa ba. An kuma yi shi da wuya kamar na raƙumi, ta yadda mai harbi zai leƙa gaba kansa na ƙasa.

Me ake nufi da daidaita madubi?

Ido na gani a miƙe, harsashi kuwa ba ya tafiya a miƙe. Daga fitarsa bakin bindiga ƙasa ke jan shi, iska na rage mashi gudu. Harsashin Jamus mai kaurin milimita 7,92 yana barin bututu da gudun sama da mita 700 a sakan, amma kafin ya ci kilomita guda ya yi kusan sakan 2 a hanya, ya kuma sauko da mitoci da dama. Tilas ke nan a ɗaga bakin bindiga sama da abin da ake auna, kuma gwargwadon nisa, gwargwadon ɗagawar. Lambobin da ke jikin madubi wannan lissafi suke yi wa soja. Amma lissafin ba ya aiki sai idan tun farko layin ido da layin bututu sun yi jituwa.

Aikin kashi biyu ne. Na farko ba a harba komi: a kafa murhu daram, a leƙa ta cikin bututu a sa ido ga wani abu mai nisa, kamar kan hasumiya, sannan a duba ko alamar cikin madubi na kan wannan abin. Na biyu shi ne gwaji a filin harbi, a nisan da aka riga aka auna. A nan ba ramin harsashi ɗaya ake dubawa ba, domin wannan bindiga watsi take yi kamar mai shuka riɗi. Tsakiyar ramukan ake nema, a gyara madubi har alamarsa ta faɗa wurin, a sake gwadawa.

Ma'aunin da suke aiki da shi sunansa Strich. Sun raba da'ira gida 6.400, kowane gida ɗaya kuwa ya yi daidai da kusan mita ɗaya a nisan kilomita ɗaya. Ɗan kasuwa zai gane wannan nan da nan. Tiyar da ta gaza da cikin cokali, mai sayen tiya ɗaya ba zai lura ba, amma mai sayen buhu ɗari ya ji a jikinsa. Haka madubin da ya kauce da gida 5 kacal: a mita 100 kuskuren rabin mita ne, a mita 2.000 kuwa ya zama mita 10.

Rayukan da ke rataye ga lissafi

Abin ya fi tsanani a nau'in harbi biyu da sojan Jamus ya ƙware a kai. Na farko shi ne harbin abin da ba a gani, daga bayan tudu, har zuwa nisan mita 3.500. A nan mai harbi ba ya ganin abokin gaba ko kaɗan. Da taswira, da sandar alama da aka kafa kusa da shi, da ɗan kumfan ruwa da ke jikin madubi irin na magina yake aiki. Idan kumfan ya karkata, duk abin da ya biyo baya ya karkata.

Na biyu shi ne harbi ta bisa kawunan ƴan uwa da ke gaba suna kai hari. A jikin murhun an liƙa wani allon ƙarfe mai lambobi, wanda ke nuna iyakar da ba a sauko da bakin bindiga ƙasa da ita. Madubin da ya gaza a nan, naka yake kashewa. Akwai kuma wata na'ura a murhun da ke ɗaga bakin bindiga tana sauke shi da kanta yayin harbi, don wuta ta share fili gaba da baya. Ita ma daga inda madubi ya nuna take fara aikinta.

Abin da shekaru 80 suka yi wa madubi

Kamfanonin da suka ƙera waɗannan madubai sanannu ne: Carl Zeiss na birnin Jena, Emil Busch na Rathenow da makamantansu. Daga 1940 aka daina buga sunansu a jikin kayan soja, aka koma haruffan sirri don ɓoye inda masana'antu suke. "blc" na nufin Zeiss, "cxn" na nufin Busch. Da waɗannan haruffa masu kula da gidajen tarihi ke gane asalin madubi a yau.

Tsufa kuwa bai bar su ba. Ƙaron itace da aka manna gilasai da shi yana bushewa ya yi ja, funfuna na shiga ciki, man da ke haƙoran juyawa ya daskare, haƙoran kansu sun cinye har suna wasa. Madubin da ya yi kyau a ido na iya zama ya daɗe da daina faɗin gaskiya. Saboda haka masu gyara ke cewa a bar shi a kabad ɗin gilashi, kada wanda bai iya ba ya kwance shi. A Turai ma, yawancin bindigogin da ke hannun masu tara kayan tarihi an kashe su, ba su tashi, domin makamin yaƙi ba kayan farar hula ba ne, can da nan duka.

Zuriyar bindigar dai ba ta ƙare ba. Bayan yaƙi kamfanin Rheinmetall ya fito da MG 3, wadda MG 42 ce aka sauya wa harsashi, aka kuma ƙera ta a Pakistan, Turkiyya da Iran. Ita ma bisa murhu mai ƙafa uku take hawa, da madubinta a gefe, kuma soja ba ya amince mata sai ya kai ta fili ya ga inda ramukan suka faɗa.