Sabuwar waya, tsohon tsari: yadda API ke dawo da dashbod

Mutum zai canza waya, ya shiga asusunsa, ya tarar da dashbod ɗinsa yadda ya bar shi. Dalili kuwa, tsarin yana ajiye ne a kan saba, manhaja ke karɓo shi ta API.

Grafana, wadda injiniyoyi ke bibiyar lafiyar sabobinsu da ita, misali ce mai kyau. Kowane dashbod yana da lambar shaida, uid. Idan aka aika buƙatar GET zuwa /api/dashboards/uid/ tare da lambar, amsa na dawowa a JSON. Babu hoto a ciki, lissafi ne zalla. An raba faɗin allo gida 24, kowane akwati da nasa gridPos: x da y na nuna mazauni, w faɗi, h tsayi. Akwatin da w ɗinsa 12 ne ya cinye rabin allo ke nan.

Sai da makulli, wato token, ake buɗe ƙofar. In babu shi, 401 za a gani. In bai da izini, 403. A nan masu koyo ke ganganci, suna barin token cikin lambobin da suka ɗora a GitHub, alhali JSON ɗin na ɗauke har da tambayoyin da ake aika wa rumbun bayanai.