Kwafi Kafin Gyara: Yadda Rajistar Faifai Ke Lalacewa

Garwa da yawancin arewacin Kamaru sun daɗe suna dogaro da wutar madatsar ruwan Lagdo, wadda aka kammala a 1982 a kan kogin Binuwai, kuma idan rani ya tsananta ruwa ya ja baya, wuta takan yi ƙaranci. A gari kamar Tcholliré, hedkwatar yankin Mayo-Rey, ko da janareto ake aiki ko da batirin sola, abin da ke biyo baya ɗaya ne: wuta ta ɗauke kwamfuta na tsakiyar rubutu, washegari a jona filashi, sai ta ce a yi masa fomat. A nan mai koyon gyara yake buƙatar natsuwa, domin sau da yawa fayilolin suna nan lafiya lau.

Faifai kamar sito ne mai rajista: kaya na ciki, rajista kuma na nuna sunan kowanne da inda aka ajiye shi. Wannan rajista ita ce tsarin fayil. FAT32, wanda Microsoft ya fitar a 1996 kuma har yau yake kan filashi da ƙananan katunan memori, yakan yanka fayil gunduwa-gunduwa, ya rubuta a teburi cewa wannan na bin wancan. Idan wuta ta yanke bayan an zuba kayan amma ba a gama cike teburin ba, sai gutsattsarin su zama ba mai su. NTFS na Windows da ext4 na Linux sun rage wannan haɗari, don sukan fara rubuta abin da suke shirin yi a wani ɗan kundi, su duba shi idan aka sake kunnawa.

Ga abin da ya kamata mai koyo ya riƙe da kyau: manhajojin gyaran faifai, chkdsk da fsck, rajista suke daidaitawa, ba ruwansu da darajar abin da ke ciki. Gutsuren da suka rasa mai shi, chkdsk yakan jefa shi a folda mai suna FOUND.000, fsck kuma a lost+found, ba suna ba bayani, wani lokaci ma su datse fayil don lissafi ya yi daidai. Shi ya sa ake fara kwafe faifan gaba ɗaya da manhaja irin su ddrescue, sannan a yi gyaran a kan kwafin.

Wani zai ce wannan tsadar banza ce: faifai na biyu kuɗi ne, Garwa ba kusa ba, mai kaya kuma yana tsaye yana jira. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, kuma lallai sau da yawa chkdsk yakan gyara komai cikin 'yan mintuna. Amma mai gyara ba ya sanin irin ciwon sai ya taɓa. Idan faifan kansa ne ke mutuwa, yana ƙas-ƙas ko yana tsayawa wajen karatu, wahalar dogon bincike tana iya ƙarasa shi, alhali takardun makaranta ko lissafin auduga na shekara guda ba su da kwafi a wani wurin. Faifai ɗaya na ajiya ya ishi shago hidimar mutane da yawa. Ko an riga an yi fomat na gaggawa ma, PhotoRec na Bafaranshe Christophe Grenier yakan tsamo hotuna da takardu daga kati, muddin ba a zuba sabon abu a kansu ba.