Naman Kaza da Hasken Rana

Idan damina ta sauka, ƙasa ta sha ruwa, akan ga wani ɗan tsiro mai kama da laima ya ɓullo a gindin suri, ko a jikin ruɓaɓɓen itace. Shi ne naman kaza, waɗansu kuwa suna ce masa laimar kwaɗi. Ba shi da ganye, ba shi da fure, amma yana da wata baiwa irin ta fatar ɗan Adam.

Jikin mutum yana bukatar wani abu da ake kira bitamin D. Aikinsa shi ne ya taimaki hanji ya tsotsi kalsiyam daga abinci, watau sinadarin da ke gina ƙashi da haƙori. Yaron da ya rasa bitamin D ƙwarai, ƙasusuwansa sukan yi taushi, ƙafafunsa su lanƙwashe kamar baka, ko kuwa su yi gwame.

Abincin da ke ɗauke da wannan bitamin bai da yawa. Akwai kifi mai maiƙo, da man hantar kifi, da gwaiduwar ƙwai. Yawancin mutane daga rana suke samun nasu. Cikin hasken rana akwai wani ɓoyayyen haske wanda ido ba ya gani, masana suna kiransa altirabayolet. Idan ya taɓa fatar mutum, sai fatar ta yi bitamin D da kanta. Amma a ƙasashen sanyi irin su Ingila, daga watan Oktoba zuwa Maris rana ba ta da ƙarfin yin wannan aiki. Haka kuma wanda ke wuni cikin ɗaki kullum, ko a ƙasar zafi yake, yana iya rasa rabonsa.

A shekarar 1919 wani likita a birnin Balin na Jamus, mai suna Kurt Huldschinsky, ya warkar da yara masu taushin ƙashi ta wajen haska su da fitila mai ba da wannan haske. A 1924 kuma wani masani a Amurka, Harry Steenbock, ya nuna cewa ko abinci aka haska da irin wannan fitila, yana zama maganin cutar.

To, cikin abincin da haske ke yi wa wannan aiki, naman kaza yana kan gaba. Dalili kuwa shi ne, jikinsa cike yake da wani sinadari mai suna agostarol. Da ɓoyayyen hasken nan ya sauka a kansa, sai ya juya ya zama bitamin D. Abin mamaki, ko bayan an tsinke shi ma, wannan aiki ba ya tsayawa.

A ƙasar Sin, da Amurka, da Turai, ana noman naman kaza cikin manyan ɗakuna masu duhu da laima, ana sayarwa a kasuwa kamar kayan miya. Da yake a duhu ya girma, kusan babu bitamin D a jikinsa. Saboda haka waɗansu manoma, in sun tsinke shi, sai su bi da shi ƙarƙashin fitila mai ƙarfi. Cikin 'yan daƙiƙoƙi ko mintoci kaɗan ya cika da bitamin, har giram 100 nasa yana iya biya wa mutum bukatarsa ta yini guda. Wannan ya amfani mutanen da ba su cin nama ko kifi ƙwarai da gaske.

Rana ma tana yin abin da fitila ke yi. Idan aka yayyanka naman kaza, aka shanya shi a tsakar rana na kamar minti 15 zuwa sa'a guda, yakan sami bitamin mai yawa. Yankawa tana da amfani, domin tana sa haske ya taɓa wurare da dama. Amma shanya a bayan gilashin taga banza ce, gama gilashi yana tare hasken. In an dafa shi kuma, yawancin bitamin ɗin yana nan, bai lalace ba.

Sai dai akwai gargaɗi babba. Waɗansu irin naman kaza na daji suna da dafi mai kisa, sun kuwa yi kama da waɗanda ake ci. Shanya ba ta cire wannan dafi, dahuwa ma ba ta cire shi. Don haka kada yaro ya tsinki wanda ya gani a daji ya kai bakinsa. Wanda aka noma domin ci, shi kaɗai ne abin amincewa.

Tambayoyi

1. Mene ne aikin bitamin D a jikin mutum?
2. Don me naman kaza na gona ba shi da bitamin D sai an haska shi?
3. Me ya sa ba a shanya shi a bayan gilashi?