Gidan Kamfani: Abin da Mutumin Abala Zai Duba Kafin Ya Karɓi Makulli

A garin Abala, kai har ma da sauran garuruwan ƙasar Kurfai tun daga Filinge har Sanam, ba a saba da sayen gida ba, gina shi ake yi. Idan kaka ta yi, aka kai amfanin gona rumbu, magidanci yakan gayyato ƴan'uwa da maƙwabta a kwaɓa ƙasa, a buga tubali, a shanya. Ya san ramin da aka haƙo ƙasar, ya san maginin har da mahaifinsa, ya kuma san hanyar da ruwa yake bi idan sama ta sako, domin tun yana yaro yake ganin wucewarsa. Ba a aza tubali ɗaya a bayan idonsa. Idan katanga ta karkace, tun ba ta kai ƙugu ba za a rushe ta a sake.

To amma zamani ya zo da wani abu dabam. Ƴaƴan Kurfai da yawa suna aikin gwamnati a Yamai, wasu suna kasuwanci, wasu kuma suna neman na kansu a Najeriya, Libiya ko Kwaddibuwa. Tun da aka kafa dokar ta-ɓaci a Abala da wasu gundumomin jihar Tilaberi cikin watan Maris na 2017 saboda rashin tsaro a iyakar Mali, buƙatar samun matsuguni a babban birni ta ƙaru, har ga mutanen da a da ba su taɓa tunanin barin gida ba. Wanda yake nesa, ko wanda aikin biro ya riƙe daga safe har yamma, ba shi da halin tsayawa kan magina. Saboda haka sai hankalinsa ya koma ga manyan kamfanonin da suke yanka fili mai faɗi, su gina gidaje iri ɗaya jere da juna, su sayar.

Wannan hanya ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Tun cikin shekarun 1960 kamfanin gwamnati na SONUCI yake gina gidaje a Yamai, bankin Crédit du Niger kuma ya daɗe yana ba ma'aikata rancen gini a zamaninsa. A ƙarshen 2018 aka buɗe bankin gidaje na BHN, kuma ƴan kasuwa masu zaman kansu sun shigo cikin sha'anin da yawa. Amfanin abin a fili yake: mai ƙaramin albashi yakan shiga gida yana biya kaɗan-kaɗan, maimakon ya ƙare ƙuruciyarsa a gidan haya. Sai dai wanda ya sayi gidan da aka gama ya rasa babban makamin da iyayensa suka dogara da shi, wato idonsa. Abin da za a nuna masa fenti ne da takarda. Sauran kuwa, wanda shi ne ainihin gidan, yana ƙarƙashin ƙasa da bayan yaɓe.

Takardar ma iri-iri ce, kuma a nan mutanen karkara suka fi shiga ruɗu. A ƙauye, gona ko kangon gida sananne ne ga hakimi da dattawa, kuma tun da aka kafa dokar karkara ta 1993 akwai kwamitocin filaye da suke ba da shaida a rubuce. A birni kuwa, takardar da aka fi gani a hannun mutane ita ce wadda ake kira acte de cession, wadda ma'aikatar magajin gari take bayarwa bayan an yanka filaye. Tana da daraja, amma ba ita ce ƙarshen magana ba. Takardar da ke tabbatar da mallaka tabbatarwa ta har abada ita ce titre foncier, wadda ake rubutawa a babban littafin filaye na ma'aikatar kuɗi, tsarin da aka gada tun daga dokar 1932 ta zamanin Turawa. A 2006 gwamnati ta fito da wata sassauƙar hanya ta samunta, aka raɗa mata sunan Hausa, Sheda. Abin lura shi ne, kamfani yakan riƙe takarda guda ɗaya tak ta dukan filin da ya gina gidaje ɗari a kai. Idan ba a rarraba wannan uwar takarda ba, kowane gida ya sami tasa da sunan mai shi, to mai saye yana zaune ne a kan filin wani. Idan kuma kamfanin ya jinginar da uwar takardar a banki domin karɓar bashin gini, kana ya kasa biya, bankin ba ya tambayar wanda ke kwana a ɗaki. Mai saye yana da ikon ya nemi lambar takardar, ya je ma'aikatar da ke ajiye littafin ya tambaya ko akwai jingina a kanta. Tafiyar yini ɗaya ce, kuma kamfanin da ya yi nauyin baki wajen faɗin lambar ya riga ya ba da amsa.

Yamai ta ga rikicin fili iri-iri: magadan masu gonaki da suka tashi bayan shekaru suna cewa ba a biya iyayensu ba, fili ɗaya da aka sayar wa mutum biyu, da gine-ginen da suka cinye wani sashe na shingen itatuwan da aka fara dasawa kewaye da birnin a 1965. Saboda haka yarjejeniyar saye ta fi kyau a ƙulla ta gaban notaire, wanda hukuma ta rantsar domin wannan aiki, ko da kuɗinsa ya yi wa mutum ciwo.

Bayan takarda sai ƙasa, kuma a nan ɗan Kurfai ya kamata ya fi kowa wayo, da zai tuna abin da ya sani. Filinge da Abala suna cikin kwarin Dallol Boso. Duk wanda ya tashi a can ya san bambancin tudu da fadama, ya san cewa wurin da ya bushe ƙayau a watan Maris yana iya zama tafki a watan Agusta. Abin mamaki shi ne, mutumin da ba zai yarda ya kafa ko rumbu a kwari ba a garinsu, sai ya zo Yamai cikin bazara, a ɗauke shi a mota mai sanyi, a nuna masa gidaje farare a shimfiɗaɗɗen fili, ya sa hannu ba tare da ya tambayi inda ruwa yake zuwa ba. Filin da kamfani yake samu da arha, mai faɗin da zai ɗauki gidaje masu yawa, sau da dama akwai dalilin arharsa.

Shekarun baya sun isa darasi. A watan Satumba na 2020 kogin Kwara ya kai tsawon kusan mita 7 a Yamai, abin da ba a taɓa aunawa ba, ya fasa madatsa ya shiga unguwanni irin su Lamorde, ya kuma yi ɓarna a Saga da Kirkisoy. Damanar 2024 ta fi muni a faɗin ƙasa: mutane fiye da miliyan ɗaya ta shafa, ɗaruruwa suka rasu, har tsohon masallacin Birni na Damagaram ya faɗi. Kuma ba kogi kaɗai ke cin gida ba. Unguwar da take nesa da gaɓa tana iya nutsewa idan an toshe tsohuwar hanyar ƙorama da gine-gine, ba a kuwa haƙa magudanai ba. Alamun ba sa ɓuya ga mai lura. Akwai zanen da ruwa yake bari a jikin katangun tsofaffin gidajen kusa. Akwai farin gishiri da ke fitowa a gindin bango yana cin yaɓe. Akwai tsayin daɓen gida idan an gwada shi da na titi, domin gidan da titi ya fi shi tudu, randa ce. Fiye da duka akwai bakin mutanen wurin: masu lambu, masu tura kura, tsofaffin da suka noma filin kafin a yanka shi. Su ba su da gidan sayarwa, saboda haka ba su da dalilin ɓoye gaskiya.

Abin da ke bayan yaɓe shi ya fi wuyar ganewa. Kamfanin da yake gina gidaje ɗari biyu ba shi yake aza bulo da hannunsa ba. Yakan raba aikin ga ƙananan ƴan kwangila, su kuma ribarsu tana cikin abin da suka rage. Buhun siminti kilo 50 ne, ko daga Malbaza ya fito ko daga waje, amma yawan bulon da za a fitar daga cikinsa yana hannun mai bugawa. Idan aka cika yashi, bulo zai yi kyan gani, ya riƙa marmashewa a hannu. Kankare yana buƙatar a yi ta ba shi ruwa aƙalla mako guda, kuma sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da aka auna masa. A zafin Yamai, ga gaggawar cika alkawari, wannan ban-ruwa shi ake fara yi wa ƙwauro. Haka kuma ƙarfe mai kauri milimita 12 da zane ya ce a sa a ginshiƙi yana iya komawa mai 8, ba mai sani sai ranar da tsaga ta fito. A watan Oktoba na 2024 gwamnati ta rage farashin siminti bayan ambaliya, abin da ya kamata ya rage wa masu ha'inci hujja, ko da yake kwaɗayi bai cika jiran hujja ba.

Mai saye ba injiniya ba ne, amma yana iya ɗaukar magini amintacce, ko ma'aikacin gine-gine da ba ya cin albashin kamfanin, su je tare. Su duba gidajen da ba a gama ba a cikin rukunin, domin a can ne ake ganin zurfin harsashi da kaurin ƙarfe tsirara, kuma hannun da ya gina wancan shi ya gina wannan. Su ƙwanƙwasa daɓe su ji ko akwai kogo. Su zuba ruwa a makewayi su ga inda ya nufa, su buɗe ramin shadda, su hau su duba kwanon rufi da ƙusoshinsa. Su kuma tambaya ko wutar NIGELEC da ruwan famfo na NDE sun iso unguwar da gaske, ko kuwa suna cikin zane ne kawai.

Mafi hatsari duka shi ne biyan kuɗi a kan gidan da ba a fara ba, abin da Bahaushe yake kira cinikin biri a sama. Ba ƙananan ƙasashe kaɗai abin yake ci ba. A ƙasar Sin, kamfanin Evergrande, wanda a da yana cikin mafiya girma a duniya, ya karɓi kuɗin mutane masu ɗimbin yawa kafin gini, ya kasa biyan basussukansa a 2021, kuma a watan Janairu na 2024 wata kotu a Hong Kong ta ba da umurnin a rushe shi. Girman kamfani ba jingina ba ne. Hanyar da ta fi aminci ita ce a rubuta cewa biya zai bi aiki: kaso kaza idan an gama harsashi, kaso kaza idan an yi rufi, sauran sai an miƙa makulli, tare da tarar da kamfani zai biya idan ya wuce wa'adi. Wanda kuma zai shiga tsarin haya mai kaiwa ga mallaka, inda ake cirewa daga albashi shekara da shekaru, ya tambaya tun farko: idan ta Allah ta kasance kafin a gama biya, ina matsayin matarsa da marayunsa? Tambaya ce da ba a son yi, amma gara a ji amsarta daga bakin kamfani da a bar wa magada su ji ta daga bakin alƙali.

Akwai kuma zancen fasalin gidan kansa. Wanda ya zana ɗaki biyu da falo bai yi tunanin gidan Bakurfaye ba, inda baƙi daga ƙauye ba sa yankewa, ga majinyaci da ya zo asibiti, ga ɗalibi, ga ragon layya, ga girki a tsakar gida. Da yawa sukan fara fasa bango suna ƙara ɗaki tun shekarar farko. Sai dai duk wanda ya taɓa ginshiƙi ko ya ɗora bene a kan harsashin da ba a yi don bene ba, ya ba kamfani ƙofar zamewa idan wata ɓarna ta fito. Gara a zaɓi gidan da ya bar sarari a baya, ko da ɗakunansa ba su da yawa.

Mutanen Abala ma sun ga irin wannan gini na jere a ƙofar gidansu. Bayan da ƴan gudun hijirar Mali suka sauka garin a 2012, hukumar HCR tare da gwamnati sun yanka filaye daga baya, aka gina gidaje da tubalin ƙasa da ake matsewa a inji, kamar yadda aka yi a Walam da Ayoru. Waɗannan ba na sayarwa ba ne, amma akwai abin lura a cikinsu: mutanen gari da baƙin su ne suka yi aikin buga tubalin da ginin, saboda haka wanda zai shiga ɗaki ya ga abin da aka sa a bangonsa.

Doka ba ta bar mai saye hannu sake ba. Dokar zaman jama'a da ƙasar nan ta gada daga Faransa ta ɗora wa mai zane da ɗan kwangila alhakin gini har shekara 10, idan ya rushe duka ko wani sashe saboda aibin aiki ko aibin ƙasar da aka gina a kai. Amma shari'a tana cin lokaci da kuɗi, kuma tana son shaida a rubuce. Shi ya sa ranar karɓar makulli ba ranar walima ba ce kawai. A manyan ayyukan gwamnati akan karɓi gini sau biyu: karɓar wucin gadi, inda ake rubuta duk aibin da aka gani, sa'an nan karɓar ƙarshe bayan shekara guda, kuma a tsakani ana riƙe wani kaso na kuɗin ɗan kwangila. Babu abin da ya hana mai sayen gida ɗaya ya nemi a sa masa irin wannan sharaɗi, ya rubuta kowace tsaga da kowace ƙofa da ba ta rufuwa, wakilin kamfani ya sa hannu, kowa ya riƙe kofinsa. Idan kuma an ba shi zaɓin lokaci, ya sa ranar biyan kason ƙarshe ta faɗo bayan watan Satumba, lokacin da damana ta gama bi ta kan rufin da harsashin.