Teyatur a tsohuwar Girka: me ya sa ba a zubar da jini a gaban ƴan kallo?

Kalmar teyatur da ake ji a Damagaram da Maraɗi ta shigo ne daga faransanci, shi kuma ya aro ta daga yaren Girka, inda take nufin wurin kallo. A birnin Atina, shekaru kusan 2500 da suka wuce, wasan kwaikwayo harka ce ta gari baki ɗaya. Kowace shekara, wajen watan Maris, ana yin bikin abin bautarsu Diyonisos. Hukuma ta zaɓi marubuta uku su yi gasa, kowanne da wasannin alhini uku da na barkwanci ɗaya. Attajiran gari ne ake ɗora wa kuɗin horar da ƴan amshi da tufafinsu.

Dokokin wasan suna da tsauri. Masu magana ba sa wuce uku, kuma dukansu maza ne. Kowa yana sanye da fuskar aro, don haka mutum ɗaya kan fito a matsayin sarki, ya koma ciki ya canza fuska, ya dawo a matsayin tsohuwa. Ƴan amshi 12, daga baya 15, suna waƙa da rawa a tsakiyar fili, sau da yawa a matsayin dattawa ko matan gari.

Kisa kuwa ba a cika yin sa a idon jama'a ba. Sai dai a ji ihu daga cikin gida, sannan manzo ya fito ya ba da labari dalla-dalla, wani lokaci a turo gawar a kan wani dandamali. Ta haka hankalin mai kallo ke komawa kan dalilin kisan da abin da ya jawo wa dangi da gari.

Akasarin labaran ma na mutanen dā ne, kuma akwai dalili. Bayan Farisawa sun rusa birnin Milet a shekarar 494 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), marubuci Firinikos ya yi wasa a kan wannan masifa. Masanin tarihi Herodot ya ce ƴan kallo sun fashe da kuka, aka ci marubucin tarar dirakma 1000 saboda ya tuno musu da baƙin cikinsu, aka kuma hana sake wasan.

Eshil ya bi wata hanya a shekarar 472. Ya ɗauko yaƙin Salamin da Girkawa suka ci, amma ya nuna shi daga fadar Farisa, inda uwar sarki da dattawa ke makokin ƴaƴansu. Mutanen Atina suka zauna suna kallon hawayen abokan gabarsu, alƙalai kuma suka ba shi lambar farko. Wannan wasa shi ne mafi tsufa cikin wasannin alhini na Girka da suka iso zamaninmu.